Hannuna ya iya gyara, amma jarrabawar A+ tana ba ni tsoro

Assalamu alaikum Malam. Ni matashi ne a Tahoua. Shekara uku ke nan ina aiki a shagon kawuna, muna gyaran kwamfuta da waya da injin buga takarda. Na kai ajin ƙarshe na lise amma ban samu BAC ba. Yayana da ke bida a Abijan ya aiko mini da jika 300, ya ce in yi jarrabawar CompTIA A+, wai wani abokinsa ya ce da ita ake samun aiki a ƙungiyoyi. Aikin hannu ba ya gagarata, amma da na gwada tambayoyin gwaji a intanet ko rabi ban ci ba, ga shi Ingilishina bai wuce na aji ba. Wani a WhatsApp ya ce zai sayar mini da ainihin tambayoyin a kan jika 25. Kawu bai san maganar ba, ina gudun ya ce shirin barinsa nake yi. In sayi tambayoyin ne, ko in mayar wa yayana kuɗinsa?

Daga wani matashi, Tahoua

Wa alaikumus salam, ƙanena. Kada ka sayi tambayoyin, kada kuma ka mayar da kuɗin. Ka kai su inda hannunka ba zai riƙa kai musu ba, ka bar su su kwanta sai nan da wasu watanni. Rabin da ka kasa ci bai ce ba ka iya aiki ba. Abin da ya nuna shi ne, aikin da ka koya a shago da aikin da jarrabawar take aunawa ba su zama ɗaya ba tukuna, kuma wannan tazara ce da karatu yake rufewa.

Bari mu fara da sanin abin da za ka tunkara. A+ shaidar ƙwarewa ce a aikin kwamfuta da ƙungiyar CompTIA ta Amurka ke bayarwa. Takarda biyu ce, Core 1 da Core 2, kuma sai ka ci duka biyun ake ba ka shaidar. Zubin da ya fito a watan Maris na 2025 yana da lamba 220-1201 da 220-1202. Wanda ya gabace shi, 220-1101 da 220-1102, an rufe shi a watan Satumba na shekarar. Ka riƙe lambobin nan da kyau, domin intanet cike yake da darussan tsohon zubi, kuma mai yiwuwa wasu tambayoyin da ka gwada daga can suka fito. Kowace takarda tambayoyinta ba sa wuce 90, a cikin minti 90. Ana ƙirga maki daga 100 zuwa 900, ana cin Core 1 da 675, Core 2 da 700. A Core 1, gano matsalar kayan aiki da ta rezo ita ce ta ɗauki kaso mafi tsoka, 28 cikin 100, sai kayan cikin kwamfuta 25, rezo 23, wayoyi da laftof 13, sauran 11 kuma na injunan cikin inji ne, wato kwamfutar manhaja da ake kunnawa a cikin wata kwamfutar, da ajiya a intanet. CompTIA tana ba da shawarar mutum ya yi kamar shekara guda yana aikin da hannunsa kafin ya zauna. Kai ka ninka wannan har sau uku, saboda haka ba daga ƙasa za ka faro ba.

To me ya kayar da kai? Ka tuna abin da kuke yi idan wani malamin makaranta ya kawo laftof ya ce ta yi nauyi. Ana buɗe ta, a hure ƙurar, in ba ta saki ba a goge komai a sake zuba Windows, kafin la'asar mai ita ya zo ya ɗauka yana godiya. A shago wannan dabara ce mai kyau, don lokaci kuɗi ne kuma layi yana jira. A jarrabawa ita ce amsar da aka ajiye don ta kama irinku. Mai rubuta tambayar yana hango ma'aikacin ofis ne, wanda kwamfutar da ke gabansa ta ma'ajin kuɗi ce, cike da lissafin shekara, kuma tana haɗe da wasu hamsin. Irin wannan ma'aikaci sai ya tambayi mai kwamfutar yaushe abin ya fara, me aka canza kafin nan, ya kwafe bayanan ya adana, ya yi zato a kan dalili mafi kusa, ya gwada zaton, sannan ya gyara, ya tabbatar komai yana aiki, ya rubuta abin da ya yi. Gogewa da sake zubawa tana can ƙarshen layi, bayan duk wata hanya mai sauƙi ta ƙi.

Shi ya sa za ka ga tambaya mai amsa huɗu, uku daga ciki duk suna iya gyara matsalar, amma ɗaya ce kawai daidai, saboda an rubuta FIRST ko NEXT ko BEST ko MOST likely. Wato me za ka fara yi, me zai biyo baya, wanne ya fi dacewa, wane dalili ya fi kusa. Ga misali. An ce kwamfuta ba ta shiga intanet, an duba adireshinta an ga ya fara da 169.254. Mai shago zai ce a canza wayar rezo ko a sake kunna komai. Jarrabawa tana so ka gane nan take cewa kwamfutar ta nemi adireshi daga DHCP, mai raba adireshi a rezo, ba ta samu ba, shi ne ta ba kanta wannan, don haka can za a fara bincike. Haka batun ƙwayar cuta. Kai kana ganin alama sai ka kunna antibirus. Su kuwa so suke ka tabbatar da alamun, ka raba injin da rezo don kada ya harbi sauran, ka kashe System Restore, mai mayar da Windows yadda take a baya, don kada cutar ta ɓoye a ciki, ka sabunta antibirus ɗin kafin ka share, bayan an gama ka mayar da System Restore, sannan ka zaunar da mai kwamfutar ka koya masa abin da zai kiyaye. In ka juya jerin, ka faɗi tambayar ko da kuwa a zahiri injin zai warke.

A ganina, Core 1 ba ita ce za ta wahalar da kai ba. Wanda ya saba cire RAM, ya san DDR4 ba ta shiga gurbin DDR5, ya taɓa canza allon laftof, ya ga yadda zafin Afrilu ke kashe inji idan man da ke kan furosesa ya bushe, ya riga ya ci rabin hanya. Har abin da kuke fama da shi kullum yana ciki: bambancin wutar 110 zuwa 120 ta Amurka da 220 zuwa 240 irin tamu, wanda ya sha ƙone kayan da aka shigo da su ba a duba ba. Da kuma tartsatsin da jiki ke tarawa a busasshen yanayi irin na hunturu, wanda saboda shi ake ɗaura igiyar nan a wuyan hannu kafin a taɓa katin uwa, abin da na san ba kowane shago ke damuwa da shi ba, ko da yake wannan a Core 2 ake tambayarsa. Inda za ka yi gumi a Core 1 shi ne rezo da haddar lambobi. Dole ka san lambobin ƙofofin da kowane aiki ke bi a rezo: ƙofa ta 22 ta SSH ce, 53 ta DNS, 67 da 68 na DHCP, 80 da 443 na shafukan intanet, 445 ta raba fayil a Windows, 3389 ta shiga kwamfuta daga nesa. A RAID, wato haɗa faifai su yi aiki tare, ka san RAID 0 sauri ne kawai babu kariya, RAID 1 madubi ne, RAID 5 yana son faifai uku ko fiye. Ka san wayar rezo ta jan ƙarfe ba ta wuce mita 100. Wannan hadda ce zalla, kuma wanda ya yi allo ya san yadda ake yin ta: kaɗan kaɗan, kullum, da tilawa.

Core 2 ce ke tuntsurar da ƴan shago. Tsarin Windows da tsaro kowanne yana da kashi 28, gano matsalar manhaja 23, ladabin aiki 21. Wannan kashi 21 ɗin, babu wanda ya taɓa koya maka shi. A ciki akwai yadda ake buɗe tikiti, wato rajistar matsala, a rubuta koke, yadda ake neman izini kafin a canza wani abu a rezon ma'aikata, da shirin komawa baya idan canjin ya ɓaci. Akwai ƙa'idar 3-2-1: kwafi uku na bayanai, a kan nau'in ma'aji biyu, ɗaya a wani wuri daban. Akwai abin da za ka yi in ka ci karo da haramtaccen abu a kwamfutar wani, da yadda ake magana da mutumin da ya fusata ba tare da an yi masa gardama ba. Akwai kuma lasisi. Ni da kai mun san irin Windows da Office ɗin da ake zubawa a yawancin shagunanmu. A jarrabawa amsa ɗaya ce, manhaja mai lasisi. Sannan za a tambaye ka a kan macOS da Linux, alhali mai yiwuwa a shekara ukun nan Mac ɗin da ya shigo shagonku bai cika yatsun hannu ba. Sai ka san Time Machine na adana kwafi ne, FileVault na kulle faifai ne, Keychain na ajiye kalmomin sirri ne. A Linux ka iya ls da grep da chmod da sudo.

Batun Ingilishi kuwa, ba sai ka iya hira da Bature ba. Ingilishin jarrabawa ƙunci gare shi, kalmomi ƴan ɗaruruwa ne suke ta dawowa. Matsalarka ita ce duk abin da ka sani da Faransanci ka san shi. Ka san inda Gestionnaire de périphériques yake ko cikin barci, amma in aka ce Device Manager sai ka tsaya tunani, kuma minti guda kawai kake da shi a kan kowace tambaya. Maganin wannan kyauta ne. Yau ɗin nan ka mayar da harshen wayarka da kwamfutar da kake aiki da ita zuwa Ingilishi, ka daure wa haushin makon farko. Ka kuma saba da allon rubutu na QWERTY bayan AZERTY ɗin da ka taso da shi, don kada ranar jarrabawa ka tsaya neman inda wata alama ta ɓuya. In wani darasi ya ƙi shiga, ka karanta shi da Faransanci tukuna. Kwas ɗin IT Essentials na Cisco Networking Academy yana bin kusan hanya ɗaya da A+, kuma akwai shi da Faransanci. In ka fahimta a can, ka dawo ka ji shi da Ingilishi.

Kayan karatu ba sai sun ci kuɗin yayanka ba. A shafin CompTIA akwai takardar da ta jera duk abin da za a iya tambaya, kyauta take. Ka sauke ta, ka buga, tunda injin bugawa a gabanka yake. Ka bi ta layi layi da biro: wanda ka iya har za ka koya wa yaron shago, wanda ka taɓa ji, da wanda baƙo ne. Karatunka ya tafi kan na biyu da na uku, don ɗan Adam yana son maimaita abin da ya riga ya iya, yana jin daɗi, yana zaton karatu yake. Bidiyoyin Professor Messer a YouTube kyauta ne kuma suna bin takardar nan daki daki. Ka kunna rubutun ƙasa, ka rage saurin maganar, in ka samu wifi ka sauke da yawa don kada mega ta cinye ka. Sai ka haɗa wajen gwaji: tsohuwar kwamfuta mai RAM giga 8 ta isa, ka kunna damar injin cikin inji a BIOS, ka zuba VirtualBox, a ciki ka sa Windows da Ubuntu. Ka lalata su da gangan, ka gyara da ipconfig da ping da chkdsk da sfc /scannow. Ka samo tsohon ruta, akwatin nan mai raba intanet, ka shiga cikinsa, ka canza kalmar sirri, ka raba adireshi, ka rufe ƙofa ka buɗe. Wannan ne zai cece ka a tambayoyin aiki, inda ake ba ka allo kamar na gaske a ce ka saita.

Lokaci kuwa, sa'a guda bayan sallar asuba, kafin zafi ya taso kuma kafin a buɗe shago, ta fi sa'a uku na dare da gajiya a jiki. Zaman fada zai ragu, abokai za su yi maka tsiya, shayin ba zai ƙare ba kafin ka dawo. Ni zan ba ka wata uku zuwa huɗu a kan Core 1 kaɗai. Kada ka haɗa takardun biyu a kai lokaci guda. Kuma kada ka biya kuɗi sai ka ga kana cin 80 zuwa 85 cikin 100 a gwaje-gwajen da ba ka taɓa gani ba, da agogo a gefe. Gwajin da ka maimaita har ka haddace amsarsa ba ya ƙirguwa.

Yanzu mai tambayoyin WhatsApp. Ko dai ƙarya yake yi, ko gaskiya. In ƙarya ce, jika 25 ta tafi, ya ba ka tarkacen tsohon zubi da amsoshin da wasunsu ma kuskure ne, ka haddace kuskure ka shiga da shi. In gaskiya ce, kayan sata ne, kuma kafin ka fara jarrabawa sai ka amince da yarjejeniyar da ta hana amfani da su. CompTIA tana soke sakamako, tana ƙwace shaida, tana kuma hana mutum sake zama idan ta kama shi. A ce ma ka tsallake. Ranar da aka kira ka ganawar aiki, wani zai ajiye maka kwamfutar da ba ta ganin injin bugawa a rezo ya ce bismilla, a nan haddar ba ta da amfani. Kuma sana'ar nan gaba ɗayanta amana ce, mutane suna miƙa maka hotunan iyalinsu da sirrin kasuwancinsu. Ban so ka shige ta ta wannan ƙofa ba.

Ka yi lissafin kuɗin da idon basira. A farashin Amurka kowace takarda ta haura dalar Amurka 250, wato wajen jika 150 na sefa, don haka abin da yayanka ya aiko da ƙyar ya rufe biyun, ba a sa kuɗin mota da masauki ba. In ka faɗi, sabon biya ne, ko da yake tsakanin zama na farko da na biyu babu jira, sai daga na uku ne ake jiran kwana 14. Ka sayi tikitin zaman takarda ɗaya kawai, don yana da ranar mutuwa, kuma ka tabbatar na yankinmu ne, saboda wanda aka saya don wata ƙasa yana iya ƙin aiki a nan. Za ka buƙaci katin banki da ke biya a intanet. Daga shafin CompTIA ko dillalin da ta amince da shi za ka saya, ba daga hannun wani a Facebook ba.

Kamfanin Pearson VUE ne ke gudanar da jarrabawar, ko dai a cibiya ko a gida ta intanet. Ta gida tana da daɗin ji ga mutumin Tahoua da Yamai ke masa nisan fiye da kilomita 500. Amma ka san sharuɗɗanta: ɗaki kai kaɗai, tebur babu komai, kyamara a kanka daga farko har ƙarshe, ba tashi, ba magana, kuma ko ƙanenka ne ya leƙo yana neman caja ana iya tsayar da jarrabawar. Ƙara da ɗaukewar wuta a watannin zafi da rezon da ke rawa, sai ka ga jika 150 tana rataye a kan abin da ba ya hannunka. Ni dai cibiya zan zaɓa. Ka shiga shafin Pearson VUE ka nemi mafi kusa da kai, ka kira su kafin ka hau mota, ka isa garin tun ana gobe. Sannan ga wani abu da ke mayar da mutanenmu gida ba su zauna ba: suna. Wanda katinsa ya ce Mahamadou, ya yi rajista da Mohamed, ko ya juya sunansa da na mahaifinsa, ana iya hana shi shiga. Ka kwafi sunan harafi harafi daga katinka, ka tafi da shaida biyu da ba su mutu ba. Wajen rajista ka duba ƙarin lokacin da ake ba masu zama da Ingilishi a ƙasashen da ba harshensu ba ne.

A cikin ɗakin, tambayoyin aiki sukan zo a farko kuma suna cin lokaci. Ka sa musu alama ka wuce, ka kwashe na zaɓi, ka dawo musu da sauran mintinka. Kada ka bar ko ɗaya babu amsa. Sakamako a kan allo yake fitowa kafin ka tashi.

Akwai gaskiyar da ya kamata yayanka ya ji daga bakinka tun yanzu, don kada ya zaci takardar aiki ya saya. A+ tana da daraja a wajen ƙungiyoyin waje da kamfanonin da ke aiki da Ingilishi, tana sa a tsaya a karanta takardunka. Amma ba ta zama BAC ba, ba ta zama BTS ba, kuma gasar shiga aikin gwamnati difloma ta ƙasa take nema. Shekara uku take yi, sai a sabunta, ko dai da ƙarin karatu ko da cin ta gaba da ita kamar Network+. In ka gama da ita, ka yi tunanin sake zaman BAC a matsayin ɗan takara mai zaman kansa. Wanda ya iya tashi da asuba wata shida saboda A+ zai iya wannan ma.

Kawu kuma, kada ka bari ya ji a bakin wani. Shi ya koya maka riƙe sukudireba, yana da haƙƙin ya sani, kuma ɓoyewar ce za ta sa abin ya yi kama da gudu. Ka same shi bayan magariba ba a gaban yara ba, ka ce masa yayanka ya aiko da kuɗin karatu kuma kana neman izininsa da addu'arsa. In kana jin nauyi, yayanka ya kira shi da kansa tukuna. Kada ka yi masa alkawarin ba za ka taɓa tafiya ba, tunda ba ka san gobe ba. Ka roƙe shi abu biyu: in an samu aikin ofis ko na makaranta mai haɗa rezo ya riƙa tura ka, kuma ya bar ka ka buɗe littafi a shago inda za a rubuta kowace kwamfutar da ta shigo, da koken mai ita, da abin da aka gano, da abin da aka yi mata. Shi zai rage masa rigima da masu cewa ba haka suka kawo kayansu ba, kai kuma kana yin darasin Core 2 kullum a bakin aikinka.